Yadda kwamfutar nutso ke lissafa iyakar zurfi, da lamba ɗaya da ba ta iya aunawa

Idan aka nuna wa mutane goma a Dutse hoton mai nutso da silinda a bayansa, aka tambaye su abin da ke cikinta, yawancinsu za su ce oksijin ne, irin wanda ake sa wa maras lafiya a asibiti. Haka muke ji a finafinai, haka ma wasu labarai ke rubutawa. Amma da a ce tsantsar oksijin ce a ciki, da mai nutson bai wuce zurfin mita 6 ba kafin ya shiga haɗarin farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa. Iskar da ke rayar da mu a doron ƙasa tana komawa guba idan matsi ya yi mata yawa.

Abin da yawancin masu nutso ke ɗauka shi ne iskar da muke shaƙa, an tace ta an matse ta cikin silinda. Wasu kuma suna amfani da haɗin da ake kira naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin aka rage mata naitirojin. Kowane irin haɗi yana da zurfin da ba a wuce shi. A allon kwamfutar nutso, wadda ake ɗaurawa a hannu kamar agogo, ana rubuta wannan iyaka da harufa uku: MOD.

Batun ya shigo duniyar wayoyi ne tun watan Satumba na 2022, lokacin da Apple ya fito da Apple Watch Ultra mai auna zurfin ruwa har mita 40. Da manhajar Oceanic+ agogon yana zama kwamfutar nutso. Garmin da Huawei ma suna da agoguna masu irin wannan aiki, ban da kamfanonin da sana'arsu ke nan kamar Suunto da Shearwater. A wannan rubutu za mu buɗe lissafin mu gani, don mai karatu ya san abin da na'urar ke aunawa da kanta, da abin da take karɓa daga hannun mutum ba tare da ta iya tantancewa ba.

Me ya sa ake ƙara oksijin tun farko?

Iskar da ke kewaye da mu kashi 21 cikin 100 oksijin ce, sauran kusan kashi 79 naitirojin ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Jiki ba ya amfani da naitirojin. Amma a ƙarƙashin ruwa matsi yana tura shi cikin jini da tsoka, kamar yadda ake tura gas cikin kwalbar lemo. Idan mutum ya daɗe a ƙasa kuma ya taso da sauri, naitirojin ɗin zai yi kumfa a jikinsa kamar an buɗe kwalbar da aka girgiza. Sakamakon shi ne ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, wani lokaci mutuwa.

Idan aka rage naitirojin a silinda, jiki zai daɗe kafin ya cika da shi. Misali, a teburin ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI, wanda ke zurfin mita 30 da iskar gama-gari yana da minti 20. Da naitiroks mai oksijin kashi 32 lokacin yana kaiwa kusan minti 30. Hukumar NOAA ta Amurka ce ta daidaita haɗi biyu da aka fi sani, mai kashi 32 da mai kashi 36, kuma ta fara wallafa ƙa'idojin naitiroks a littafinta na nutso a 1979.

Sai dai babu ciniki kyauta. Abin da aka samu na ƙarin lokaci an biya shi da zurfi. Naitiroks ba iskar zuwa can ƙasa ba ce, akasin yadda mutane ke zato. Duk yadda oksijin ya ƙaru, iyakar zurfi tana matsowa sama.

Kaso daban, matsi daban

A bakin teku iskar da ke samanmu tana danna mu da matsin da ya kai kusan bar 1. Idan ka shiga ruwa, kowace mita 10 tana ƙara kusan bar 1. Ke nan a mita 10 kana ƙarƙashin bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4.

Tun farkon shekarun 1800 masanin Ingila John Dalton ya nuna cewa a cikin haɗin iska kowace iska tana ɗaukar rabonta na jimillar matsin, daidai da kasonta. Huhu ba ya kallon kaso, wannan rabon yake ji. Lissafin shi ne a ninka jimillar matsi da kason oksijin. A bakin teku 1 sau 0.21, wato bar 0.21. A mita 30 kuma 4 sau 0.21, wato bar 0.84. Silinda ɗaya ce, kaso bai canza ba, amma abin da ke isa jini ya ninka sau huɗu. Wannan lambar ce ake gani a allo da sunan PO2.

Muna da misali na gida. A ranar 26 ga Mayu, 2013, jirgin ruwan Jascon-4 ya kife a tekun da ke kusa da Escravos a Jihar Delta, ya nutse zuwa zurfin kusan mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya rayu kimanin awa 60 a cikin ɗan sararin iska da ya maƙale a cikin jirgin, shi kaɗai ya tsira cikin mutum 12. Iskar wurin tana ƙarƙashin bar 4, don haka oksijin ɗin da ke cikinta ya ninka na irin wannan sarari a doron ƙasa sau huɗu. Wannan na daga cikin abin da ya taimake shi. Amma matsin nan ya cika jikinsa da naitirojin, shi ya sa masu ceto ba su fito da shi kai tsaye ba. Sai da ya shafe kwanaki a ɗakin rage matsi kafin ya shaƙi iskar waje. Daga baya, a 2015, shi kansa ya zama ƙwararren mai nutso.

Daga ina aka samo 1.4 da 1.6?

A 1878 masanin Faransa Paul Bert ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa oksijin mai matsi sosai yana jefa dabbobi cikin farfaɗiya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu likitan sojan ruwan Birtaniya Kenneth Donald ya yi gwaje-gwaje masu yawa a kan sojojin sa kai. Abin da ya gano shi ne ginshiƙin taka-tsantsan ɗin da ake yi har yau: juriyar mutane ta bambanta ƙwarai, kuma mutum ɗaya yana iya jure wani matsi yau, gobe ya faɗi a ƙasa da shi. Ya kuma ga cewa juriyar tana raguwa a cikin ruwa fiye da a busasshen ɗaki.

Alamomin sun haɗa da ƙanƙancewar gani, ƙara a kunne, tashin zuciya, jiri da rawar leɓe. Sau da yawa kuma babu wata alama, sai dai kawai jiki ya kama jijjiga. A asibitin da ke da ɗakin matsi ana ba maras lafiya tsantsar oksijin har a bar 2.8, domin yana kwance, ga ma'aikaci a gefensa. A cikin ruwa kuwa bututun numfashi zai suɓuce daga baki, mutum ya shaƙi ruwa.

Shi ya sa ƙungiyoyin horarwa suka tsaya a kan bar 1.4 a matsayin iyakar da ake aiki da ita, bar 1.6 kuma iyakar ƙarshe da ake ajiyewa don gaggawa ko lokacin tsayawar rage naitirojin, inda mutum ba ya motsi sosai. Waɗannan lambobi yarjejeniya ce ta taka-tsantsan, ba katanga ba ce da ƙasanta ke da tabbacin lafiya. Kusan kowace kwamfutar nutso tana barin mai ita ya zaɓi wadda yake so.

Lissafin da kansa

Tunda matsin oksijin shi ne jimillar matsi sau kaso, sai mu juya shi. Raba iyakar da kason oksijin, ka samu jimillar matsin da bai kamata a wuce ba. Cire bar 1 na iskar da ke saman ruwa. Abin da ya rage ninka shi da 10, ka samu mita.

Ga haɗin kashi 32: 1.4 a raba da 0.32 ya ba da 4.375. A cire 1, saura 3.375. A ninka da 10, mita 33.75.

Ga haɗin kashi 36: 1.4 a raba da 0.36 ya ba da 3.89, iyaka mita 28.9.

Ga iskar gama-gari mai kashi 21: mita 56.7, duk da cewa masu nutson nishaɗi suna tsayawa a mita 40 saboda wasu dalilan, musamman mayen da naitirojin ke sawa a zurfi.

Ga tsantsar oksijin: mita 4 da iyakar 1.4, mita 6 da iyakar 1.6.

Layin ƙarshen nan shi ya fi shafar mu a nan gida. Masu nutso a kogin Haɗeja, daga Ringim zuwa Haɗeja, da waɗanda ake kira idan kwalekwale ya kife ko yaro ya faɗa kududdufi, numfashinsu suke riƙewa, don haka wannan lissafi bai hau kansu ba. Amma silindar oksijin ba ta da wahalar samu, tana wurin masu walda, tana asibiti. Duk wanda ya kalli bidiyo a YouTube ya ga kamar zai iya jona mata tiyo ya shiga dam ko rijiya mai ruwa, ya sani iyakarsa ba ta kai tsayin gida mai hawa biyu ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Kwamfutar ba ta auna zurfi

Abin mamakin shi ne babu abin da ke auna mita a cikin na'urar. Abin da ke ciki sensa ce ta matsi, ƙarama kamar ƙwayar wake. Akwai irinta da ake sayarwa ga masu haɗa na'urori, misali MS5837 wadda ke jure har bar 30. Sensar tana ba da lamba ɗaya, jimillar matsin da ke danna ta. Zurfin da ake gani a allo lissafi ne da manhaja ta yi daga wannan lamba, kuma tana buƙatar sanin abu biyu.

Na farko shi ne matsin iskar saman ruwa. Bar 1 da muka cire ƙiyasi ne na bakin teku, inda ainihin lambar take 1.013. Dutse tana sama da teku da mita ɗari huɗu da wani abu, don haka matsin iskarmu yana kusa da bar 0.96. Kwamfuta tana auna wannan kafin a shiga ruwa ta ajiye, shi ya sa ake so a kunna ta a bakin ruwan da za a shiga.

Na biyu shi ne nauyin ruwan. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi. A teku bar 1 yana daidai da kusan mita 9.9, a dam irin na Warwade ko Tiga kuma kusan mita 10.2. Kwamfutocin Shearwater, alal misali, suna ba da zaɓi uku: ruwan daɗi, ruwan gishiri, da wani matsakaici na ƙa'idar Turai mai suna EN 13319.

Idan wayarka tana da sensar matsin iska za ka iya ganin wannan da idonka. Ba kowace waya ke da ita ba, amma iPhone tun daga na 6, da manyan Samsung Galaxy S da Google Pixel suna da ita. Sauke manhajar Phyphox ta Jami'ar RWTH Aachen da ke Jamus, kyauta ce, ka buɗe sashen matsi. A cikin garin Dutse za ka ga lamba kusa da 960 hPa, inda 1000 hPa ke daidai da bar 1. Hau duwatsun Garu ka ga lambar tana raguwa da 1 duk bayan kimanin mita 9. A cikin ruwa kuwa santimita 1 kacal ke ƙara wannan 1 ɗin. Kada dai ka tsoma wayar a ruwa don gwaji, sensarta ta iska ce, tana tsayawa a wajen 1100 hPa.

Ga masu koyon Python, ga dukan lissafin:

import math

def iyakar_zurfi(oksijin, iyaka=1.4, saman_ruwa=1.013, nauyin_ruwa=1025):
    matsi = iyaka / (oksijin / 100)
    mita = (matsi - saman_ruwa) * 100000 / (nauyin_ruwa * 9.80665)
    return math.floor(mita)

Idan ka ba shi 32 zai lissafa mita 33.4 na teku, ya dawo da 33. Idan ka sa saman_ruwa 0.96 da nauyin_ruwa 1000, wato dam a yankinmu, zai lissafa 34.8, ya dawo da 34. Haɗi ɗaya, iyaka ɗaya, amma mita ta bambanta da kusan ɗaya da rabi. Ainihin iyakar bar 4.375 ce a duka wuraren biyu, mita fassara ce kawai don idon mutum.

A lura da floor a layin ƙarshe maimakon round. Da round aka sa, 34.8 zai koma 35, kuma a mita 35 an riga an haura 1.4. Bambancin ƙarami ne, amma a manhajar da rai ke rataye a kanta, duk inda za a zubar da ɗigo ana zubar da shi ne ta ɓangaren da ya fi aminci. Wannan 'yar manhaja ta koyo ce, ba a shirya nutso da ita.

Me ya sa kwamfutoci biyu ke saɓawa?

Mutum biyu na iya shiga ruwa da haɗi ɗaya, agogon ɗaya ya nuna 33, na ɗayan ya nuna 32.4. Babu wanda ya lalace. Wasu sun saita ruwan gishiri, wasu ruwan daɗi, wasu kamfanonin kuma suna ƙara nasu taka-tsantsan. A wasu kwamfutocin Suunto, idan awo ya nuna 31.8 ana shigar da 31, don kada na'urar ta raina yawan naitirojin, ita kuma sai ta ƙara kashi 1 a ɓoye idan za ta lissafa oksijin. Wanda ya saita 32 ana yi masa lissafi da 33, wanda ke ba da mita 32.4. Dabara ce mai kyau, domin lamba ɗaya tana hidima ga haɗari biyu masu jan ta gefe daban-daban.

Iyakar zurfi kuma ba ita kaɗai ake sa wa ido ba. Lokaci ma yana ƙirguwa. A teburin NOAA, a bar 1.4 mutum yana da minti 150 a nutso ɗaya, a 1.5 minti 120, a 1.6 kuma minti 45 kacal. Kwamfuta tana tara wannan daƙiƙa bayan daƙiƙa, ta nuna shi a matsayin kaso da harufan CNS. A gefe guda tana lissafa naitirojin, galibi da tsarin da likitan Suwizalan Albert Bühlmann ya samar, wanda Oceanic+ ma ke amfani da shi.

Lambar da ba ta iya aunawa

A cikin duk abin da ya shiga lissafin, matsi ne kawai na'urar ke ji da kanta. Kason oksijin da ke cikin silinda mutum ne ke shigarwa da yatsa. Ko kwamfutocin da ke haɗe da silinda ta rediyo, yawan iskar da ta rage suke gani, ba irin haɗin ba. Sai a na'urorin da ke sake sarrafa numfashi ne ake samun sensar oksijin a ciki, kuma waɗannan wani fanni ne na ƙwararru.

A ɗauka silinda tana da kashi 36, amma agogo yana kan 21 da aka bari tun jiya. Mai nutso ya sauka mita 40, wato bar 5. Allo zai nuna PO2 na 1.05, babu ƙara, babu jan rubutu. Abin da huhunsa ke shaƙa kuwa 5 sau 0.36 ne, wato bar 1.8, ya haura iyakar ƙarshe. Lissafin kwamfutar daidai yake, amma a kan silindar da ba ita ke bayansa ba.

Kuskuren yana iya juyawa. Silinda tana da iskar gama-gari, agogo yana kan 32. Yanzu oksijin ba matsala ba ne, amma na'urar za ta ba shi kusan minti 30 a mita 30 alhali jikinsa yana da 20.

Saboda haka ƙa'idar da ake koya wa duk mai karatun naitiroks ita ce ya auna silindarsa da hannunsa. Akwai 'yar na'urar awon oksijin da ake fara daidaitawa da iskar waje har ta nuna 20.9, sannan a kara ta a bakin silinda. Abin da ta nuna a rubuta a jikin silindar tare da iyakar zurfi da kwanan wata, a shigar a kwamfuta, abokin nutso ya duba. Ita ma sensar awon tana tsufa, ana canza ta. Duk tsadar agogon, amincinsa yana tsayawa ne a kan wannan aiki na minti biyu.

Kafin ka yarda da agogon da ke hannunka

Shagunan waya a Dutse da kasuwar Farm Centre a Kano cike suke da agoguna masu kama da Apple Watch Ultra, har da jan maɓalli da sunan Ultra a kwali, a farashi mai rahusa. Kamanni ba ya sa sensar zurfi a ciki. Rubutun IP68 yana nufin na'ura ta jure tsomawa a ruwan daɗi mai zurfi kaɗan a ɗakin gwaji. Rubutun 5 ATM kuma na iyo ne a saman ruwa. Agogon da aka yi don nutso yana ambaton ƙa'ida irin EN 13319 a takardunsa, yana kuma faɗin zurfin da sensarsa ke tsayawa. Ko shi na ainihin, kamfaninsa ya ce sai wanda ya samu horo zai yi nutso da shi.

Ga matasan da ke koyon rubuta manhaja, a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko a gida da waya da data, akwai abin ɗauka a nan. Lissafin layi uku ne, kowa zai iya rubutawa. Aikin yana wurin tambayar daga ina kowace lamba ta fito: wacce sensa ta auno, wacce aka ƙiyasta, wacce mutum ya shigar yana sauri. Manhajar da ke lissafa maganin yaro da nauyinsa, ko takin gona da faɗinta, ko kuɗin da POS zai tura, duk suna da irin wannan lamba. Shi ya sa kwamfutocin nutso masu kyau suke nuna kason oksijin da iyakar zurfi ɓaro-ɓaro kafin a shiga ruwa, wasu tsofaffin ma sukan goge saitin bayan wani lokaci don a tilasta wa mutum ya sake shigarwa. Idan kana gina manhaja, nemo lambar da ba ka da hanyar tantancewa, ka sa ta a inda mai amfani ba zai iya wucewa bai gan ta ba.